FASHIN BAƘI: Inda riba ke zurarewa a sana'ar buga bana da allunan talla

Da zarar kakar zaɓe ta ƙarato a Najeriya, kasuwar injinan buga bana takan buɗe tun kafin 'yan takara su fara hawa mumbari. Dokar Zaɓe ta 2022 ta tanadi kwanaki 150 na yaƙin neman zaɓe, shi ya sa a zagayen da ya gabata aka fara kamfen ɗin shugaban ƙasa ranar 28 ga Satumba, 2022, aka kaɗa ƙuri'a ranar 25 ga Fabrairu, 2023. Wata biyar ke nan cur ana buƙatar fastoci da banoni da sitika da manyan alluna, daga ɗan takarar shugaban ƙasa har mai neman kujerar majalisar jiha. Wanda ya ga layin motoci a ƙofar shagon ɗab'i a irin wannan lokaci ba a ga laifinsa ba idan ya fara lissafin sayar da fili domin ya sayi inji.

Sai dai kuɗin sayen injin shi ne ɓangaren lissafin da ya fi sauƙi. Abin da ke raba mai shagon da zai kai zaɓe na gaba da wanda zai sa injinsa a kasuwa bayan an rantsar da gwamnati shi ne wasu abubuwa da ba a rubuta su a takardar dillali: lafiyar kan inji, ingancin wutar lantarki, ƙura, da sanin kayan da za su jure ranar wannan yanki.

Kan inji

Injin buga bana, a taƙaice, babban ɗan'uwan firintar ofis ne. Naɗin leda ko sitika yana warwarewa yana tafiya gaba a hankali, wani ɗan akwati kuma yana kai-komo a bisansa yana fesa tawada. Faɗin injin shi ne ke fayyace irin aikin da zai ɗauka. Akwai mai mita 1.6 da mai mita 1.8, waɗanda aka fi sani da mai ƙafa biyar da mai ƙafa shida, sannan mai mita 3.2 da ake kira mai ƙafa goma, wanda shi ne na manyan allunan bakin titi.

A cikin wancan akwati mai kai-komo ne kan inji yake, abin da masu sana'ar ke kira "hed". Girmansa bai wuce tafin hannu ba, amma a ƙasansa akwai ɗaruruwan ƙofofi, kowace ta fi gashin kai siranta. Kan Epson DX5, wanda ya daɗe yana tashe, ƙofofi 1,440 gare shi. XP600 na da 1,080, sabon yayi i3200 kuma na da 3,200. A bayan kowace ƙofa akwai wani ɗan ƙanƙanin abu da ke lanƙwasa idan wuta ta taɓa shi, lanƙwasar ce ke tura ɗigon tawada waje, sau dubbai a cikin daƙiƙa guda. Ɗigon ya yi ƙanƙantar da ido ba ya ganinsa shi kaɗai.

Wani abu da sabon shiga bai cika sani ba shi ne, galibin injinan ƙasar Sin da suka cika kasuwannin Legas da Abuja da Kano gangar jikinsu ce kawai ta Sin. Kan da ke cikinsu na kamfanonin Japan ne, irin su Epson da Konica Minolta da Seiko da Ricoh. Saboda haka sunan da aka rubuta a jikin injin ba shi ne tambayar farko ba. Tambayar ita ce wane kai ke ciki, guda nawa ne, nawa ake sayar da shi yau, kuma wa zai zo ya ɗaura shi idan ya mutu. Ƙananan kawunan Epson suna fitar da hoto mai laushi da za a kalla kusa da kusa, kamar sitikar jikin kwalba ko hoton ɗakin taro. Irin su Konica 512i ɗigonsu ya fi girma, sun fi sauri da juriya, sun dace da allon da za a hanga daga nesa. XP600 ya fi kowanne araha, shi ya sa ya yawaita a ƙananan shaguna, amma kwanansa bai kai na sauran ba, wanda ya saye shi ya kamata ya san kusan kayan canji ya saya.

Kai yana mutuwa ne ta hanyoyi sanannu. Tawada ta bushe a ƙofofinsa ta toshe su. Leda ta tattare ta ɗago ta goge shi, domin tazarar da ke tsakaninsu milimita biyu ce zuwa uku. Wuta ta yi sama ta ƙona shi. Ko a haɗa tawadar kamfanoni biyu da sinadaransu ba su jituwa, su daskare a cikin bututu. Dillalai da yawa ba sa sanya kai a cikin garanti, kuma da dala ake shigo da shi. Kafin a saki Naira a watan Yuni na 2023 dala tana kusan Naira 460 a farashin hukuma, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Mai shagon da bai ware kuɗin sabon kai daga cinikin kowace rana ba, ranar da nasa ya mutu sai ya tarar ribar watanni ce za ta tafi.

Nan ne matsalar injin zaɓe take. Inji mai aiki kullum ya fi wanda aka lulluɓe lafiya. Idan kasuwa ta mutu bayan zaɓe aka rufe shago na mako biyu ko uku ba tare da an wanke bututu an cika su da ruwan ajiya ba, tawada za ta bushe a ciki, a dawo a tarar da hoto yana fita da zane-zane. Shi ya sa ƙwararru ke fara kowace safiya da gwajin ƙofofi, wato a buga 'yan layuka na kowace kala a duba ko akwai giɓi, ko da kuwa babu aikin ko sisi a ranar. Su kuma goge roba mai share kai, su duba marfin da kan ke kwanciya a kai idan ya huta, domin marfin da ya daina kamawa sosai iska yake bari ta shiga ta busar da komai.

Tawada da ranar Arewa

Tawadar firintar ofis ruwa ce, ruwan sama ɗaya ke wanke ta. Ta allon waje dole ta kama jikin leda. Wadda ake kira solben tana ɗauke da sinadari mai ƙarfi da ke ɗan narkar da saman ledar, launin ya shige ciki, sinadarin kuma ya bi iska. Ita ce mafi araha, mafi juriyar rana, kuma mafi wari. Ƙanwarta eko-solben warinta bai kai haka ba, ta fi dacewa da ƙananan kawuna, amma tana son injin ya dumama ledar kafin da bayan fesawa domin ta bushe. Akwai tawadar UV, wadda fitila ta musamman ke busar da ita nan take, ana iya buga ta kai tsaye a kan gilas ko katako ko falle na aluminiyam. Akwai kuma latas ta kamfanin HP da ta fito a 2008, marar wari, sai dai injinta na cin wuta ƙwarai saboda zafin da yake buƙata wajen gasa ta. A ƙasar da yawancin shaguna ke kan janareta, wannan ba ƙaramin cikas ba ne.

Masu sayar da kaya sukan ce bugun eko-solben yana kai shekara uku a waje. Gaskiya ne, amma a ina? Manyan kamfanonin sitika irin su Orafol da Avery Dennison suna auna juriyar kayansu ne da yanayin tsakiyar Turai, a kan allon da ke tsaye, kuma su da kansu suna rage shekarun idan za a yi amfani da kayan a ƙasashe masu zafi. Ranar Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce maki 40, ba ta da haɗi da ta Jamus. Mai shagon da ya yi wa makaranta ko asibiti alƙawarin shekara uku ba tare da ya rufe bugun da ledar kariya ba, da bakinsa ya ɗauro wa kansa rigima.

Launuka huɗu injin ke haɗawa ya fitar da sauran duka: shuɗi-shuɗi, ja mai ɗaukar jini, rawaya da baƙi. Rana takan fara cin rawaya da jan, shuɗin ya saura. Wannan ne dalilin da fuskokin 'yan takarar da suka kwana biyu a shataletale ke komawa shuɗaye, kamar an tsoma su a marina.

Wuta da ƙura

Ɗauke wuta a tsakiyar aiki ba asarar ledar da ke kan inji kaɗai yake jawowa ba. Kan yakan tsaya a tsakiyar hanya, nesa da marfinsa, ƙofofinsa a buɗe, tawada na bushewa. Dawowar wutar kuma ta fi tafiyarta haɗari, domin takan zo da ƙarfin da ke ƙona allon lantarkin injin. Saboda haka sitabilaiza da na'urar riƙe wuta, wadda za ta bai wa injin 'yan mintuna ya mayar da kai mazauninsa, ba kayan ado ba ne, ɓangare ne na kuɗin injin. Haka ma wayar da ake binnewa a ƙasa domin ta kwashe rarar wuta. Ƙaramin janareta mai hawa da sauka da kan ya ga dama ya kashe injina fiye da tsufa.

Kuɗin wutar kansa ya canza fasali. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, sannan a Afrilun 2024 aka ɗaga farashin lantarki na rukunin "A" zuwa Naira 225 kowane yunit, daga ƙasa da 70. Abin da ya fi cin wuta a injin ba kai-komon akwatin ba ne, na'urorin dumama leda ne da fankokin busarwa. Wasu shaguna sun koma ɗora kwamfuta da lantarkin injin a kan sola da batir, su bar dumamawa ga janareta, wasu kuma suna tara ayyuka su buga a zama ɗaya maimakon tayar da janareta saboda bana guda.

Sai hunturu. Kamfanonin da ke ƙera waɗannan injina suna son ɗaki mai matsakaicin sanyi da ɗan danshi a iska. A Kano ko Katsina daga Disamba zuwa Fabrairu danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, ga hazo yana shiga ta kowace kafa. Busasshiyar iska tana sa leda ta tara irin wutar da ke sa mayafi ya riƙa tartsatsi cikin dare, wutar nan kuwa tana janye ɗigon tawada daga inda aka nufa, sai rubutu ya fito da feshi a gefensa. Ƙura kuma tana kwanciya a kan wata siririyar leda mai zane-zane da ke gaya wa akwatin inda yake, da ta yi datti sai hoto ya riƙa gocewa ko ya ninku biyu. Maganin ba boyayye ba ne: ɗaki mai rufi da ƙofa mai kamawa, na'urar sanyaya ɗaki, na'urar ƙara danshi ko aƙalla goge daɓe da ruwa a kai a kai, da raba ɗakin inji da wajen walda da yankan katako. Shagon da ke buɗe baki ga titi, inji a gaba don masu wucewa su gani, talla yake yi da tsawon ran injinsa.

Abin da ake bugawa a kai

Ledar bana, wadda ake kira fileks, zaren roba ne aka saƙa aka lulluɓe da robar PVC. Ana auna ta da nauyi, giram nawa ne a murabba'in mita ɗaya. Mai giram 280 ta isa banar walima ko taron kwana ɗaya. Allon da zai yi watanni a waje yana son 440 ko fiye. Akwai wadda ake haskawa ta gaba, akwai wadda ake sa fitila a bayanta, akwai mai huji-huji da ake rataya a jikin bene domin iska ta wuce. A ido dukansu fari ne, shi ya sa nan ne aka fi yin algus: a karɓi kuɗin mai kauri a buga a kan mai shara-shara, damina ta farko ta tona asiri.

Sitika ma hawa-hawa ce. Mai araha takan tsuke idan ta sha rana, ta bar baƙin zobe na gam a gefenta. Ta tsakiya ta fi ta daɗewa. Ta ƙoli, wadda ake zuba robarta a ruwa-ruwa ta bushe siririya, ita ce ke bin lanƙwasar jikin mota ba ta ɗagowa. Wanda ya naɗe motar kamfani da mai araha zai sake ganin motar a ƙofar shagonsa kafin wata shida. Wata ƙa'ida da gaggawa ke sa a tsallake ita ce barin bugun solben ya sha iska na kwana guda kafin a rufe shi da ledar kariya. Idan aka rufe da wuri, sinadarin da bai gama fita ba yana komawa ya ci gam ɗin, sitikar ta yi ƙuraje ta ɓamɓare.

Tun daga kwamfuta ake ɓata aiki

Kafin zuwan waɗannan injina, allon shago aikin mai buroshi da fenti ne, irin masu rubuta hikimomi a jikin manyan motoci. Su ne suka san girman harafin da ido zai kama daga nesa. Injin ya ɗauke wahalar hannu, amma bai ɗauke buƙatar wannan sani ba. Ƙa'idar da masu alluna suka daɗe suna bi ita ce inci ɗaya na tsayin harafi ga kowace tazarar ƙafa goma. Allon da za a karanta daga ƙafa 100 yana son harafi mai inci 10. Direban da ke tafe da gudu daƙiƙoƙi kaɗan gare shi, ba zai karanta sunan shago da jerin kaya ashirin da lambobin waya uku da hoton mai shago ba. Mai zanen da ya san aikinsa yakan ja da kwastoma a kan wannan, ko da kwastoman zai ɓata rai.

Zane iri biyu ne. Akwai wanda aka gina da layuka na lissafi, irin wanda CorelDRAW da Illustrator ke yi, ana iya faɗaɗa shi daga girman kati zuwa girman bene bai dusashe ba. Akwai kuma hoto, wanda ɗige-ɗige ne ƙididdigaggu, idan aka ja shi sai ya farfashe. Babbar annobar shagunan ɗab'i a yau ita ce hoton da aka turo ta WhatsApp, domin manhajar tana matse hoto ta rage masa nauyi sai dai idan an tura shi a matsayin takarda. Fuskar da ta yi kyau a waya takan koma dusu-dusu a kan bana mai ƙafa goma, a ɗora wa inji laifi.

Launin fuskar waya kuma haske ne, na takarda tawada ce, ba za su taɓa zama ɗaya ba. Kore mai walƙiya da shuɗi mai ƙyalli sukan fito a dushe. Tsakanin kwamfuta da inji akwai manhajar da ke fassara zanen zuwa ɗigo, irin su MainTop da PhotoPrint da Onyx, a cikinta ake zaɓar yawan tawada da sau nawa kan zai bi ta wuri ɗaya. Bi biyu ya fi sauri amma yakan bar layi-layi, bi shida ko takwas ya fi kyau amma yana cin lokaci. Banki ko kamfanin sadarwa da ke da launinsa na musamman ba zai karɓi "ya yi kusa" ba, shi ya sa buga ɗan samfuri a sa wa hannu kafin babban aiki ya fi dogon musu daga baya.

Akwai kuma matsalar da ta keɓanta da Hausa. Yawancin salon haruffan da ke cikin kwamfuta ba su da ƙ da ɗ da ɓ, balle ƴ da ake rubutawa a Nijar. Wani lokaci mai zane ya rubuta su daidai, amma da aka buɗe aikin a kwamfutar inji sai su koma akwati-akwati ko alamar tambaya. Mafi yawa kuma ana watsar da lanƙwasar ne gaba ɗaya, sai ka ga "masaukin baki" a maimakon "masaukin baƙi", ko "kasa" inda ake nufin "ƙasa". Rubutun ajami da na Larabci nasu ya fi muni, domin manhajar da ba a saita ba takan rarraba haruffan ta jera su daga hagu, aya ko addu'a ta fito a birkice a kan banar Maulidi ko ta saukar karatu. Maganin duka biyun ɗaya ne: a zaɓi salon da ke da haruffan, a mayar da rubutun ya zama zane kafin a tura wa inji, a kuma sa wanda ya iya karatun ya duba. Ba a gyara harafi a kan leda mai ƙafa arba'in, sai dai a sake bugawa.

Bayan bugu

Buga fileks shi ne ɓangaren da ya fi cunkoso kuma ya fi ƙarancin riba, domin kowa da injinsa, gasar kuma ta farashi ce. A cibiyoyin ɗab'i irin su Shomolu ta Legas, wanda ke da inji yakan buga wa 'yan kwangila ne a kan farashin sari. Kuɗin yana wajen aikin da ke buƙatar hannu. Injin yankan sitika, wanda wuƙa ce ƙarama ke bin zane, bai kai injin bugu tsada ba, ba ya shan tawada, kuma shi ke yin rubutun jikin gilas da na motoci. Injin leza yana yanka gilas ɗin roba ya bar gefensa sumul. Injin sassaƙa mai kwamfuta yana yanka fallen aluminiyam mai roba a tsakiya, wanda aka fi sani da Alucobond, irin wanda ke fuskar bankuna da gidajen mai. Da waɗannan ake yin haruffa masu tudu da fitila a ciki. Mai ƙaramin jari zai iya farawa da kwamfuta da injin yanka, ya riƙa kai bugu wajen masu inji, har sai ya tara kwastomomin da za su riƙe inji na kansa aiki kullum. Wannan hanya ba ta da armashi a ido, amma ta fi aminci.

Gargaɗi ɗaya game da leza: ba a yanka PVC da ita, ko fileks ne ko sitika ko farin allon kumfa. Zafin yana fitar da iska mai sinadarin kulorin wadda ke ƙona huhu, ta kuma sa ƙarfen injin tsatsa.

Fitilun LED na cikin haruffa galibi da wuta mai ƙarfin bolt 12 suke aiki, kuma abin da ya fi mutuwa ba su ba ne, akwatin da ke rage musu wuta ne. Ƙa'ida ita ce kada a ɗora masa fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa, a sa wanda ruwa ba ya shiga, a kuma huda ƙasan kowane harafi don ruwan da ya shiga ya fita. Sunayen otal-otal da ake gani da dare rabi a kunne rabi a mace, daga nan ne.

Iska, da doka

Allo idan ya tashi sama ya zama tanti mai tare iska, ƙarfin turawar kuma yana ninkuwa huɗu ne duk lokacin da gudun iska ya ninku biyu. Guguwa mai gudun kilomita 100 a sa'a, irin wadda kan zo da ruwan farko, tana danna kusan kilo 50 a kan kowane murabba'in mita. Allo mai mita uku da shida zai ɗauki nauyin da ya doshi kilo 900, duka a wuyan ƙarfe da waldar da ke riƙe da shi da zurfin ramin da aka kafa shi. A ranar 13 ga Mayu, 2024, wani ƙaton allo ya faɗo kan gidan mai a unguwar Ghatkopar ta birnin Mumbai a Indiya lokacin wata guguwa, mutum 17 suka mutu. Girmansa ƙafa 120 ne ta kowane gefe, alhali dokar birnin 40 ta amince da ita. Babban allo aikin injiniyan gini ne, ba na mai waldar unguwa shi kaɗai ba. Kafa shi kusa da wayar lantarki kuwa, da dogon ƙarfe a hannun yaran shago, ganganci ne da rai.

A ɓangaren doka, Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sanya kula da tallan waje da alluna a hannun ƙananan hukumomi. Amma jihohi sun kafa nasu hukumomin, inda Legas ta kafa LASAA a 2006, Abuja kuma tana da sashenta na tallan waje da alluna, DOAS. A matakin tarayya akwai ARCON, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin APCON, ita ke tantance abin da talla ta ƙunsa. Wannan cin karo na hurumi shi ke sa mai shago ya biya wata hukuma haraji, gobe wata ta zo ta tumɓuke allon. Mai ɗab'i mai hankali yakan rubuta a takardar yarjejeniya cewa neman izini a wuyan mai allo yake.

Lissafi

Da murabba'in ƙafa ake sayar da bugu, kuma yawancin masu shago kuɗin leda da tawada kawai suke haɗawa su ɗora riba. Tawada ma ba ita ce babba ba, domin lita guda takan buga murabba'in mita 70 zuwa 100. Abin da ba a gani ya fi yawa. Bana mai faɗin ƙafa huɗu idan aka buga ta a kan naɗi mai ƙafa biyar, kashi ɗaya cikin biyar na ledar ya tafi shara, kuma mai shago ne ya biya shi. Ga tawadar da injin ke zubarwa duk lokacin da ya wanke kansa, ga aikin da ya ɓaci aka sake, ga mai, ga haya, ga albashin mai sarrafa inji, ga rabon sabon kai. Wanda ya karya farashi don ya ƙwace kwastoman maƙwabcinsa ba tare da ya sa waɗannan ba, uwar kuɗi yake ci yana zaton riba ce.

Aikin siyasa kuma yana da nasa hali. Yakan zo da yawa, da gaggawa, ta hannun ɗan aike, da alƙawarin biya "idan an ci". Ɗan takarar da ya faɗi ba a samunsa a waya, wanda ya ci kuma ƙofarsa ta yi masu gadi. Tsofaffin hannu a sana'ar ba sa ɗora leda a inji sai kafin alƙalamin da ya rufe kuɗin kaya ya shigo, ba sa kuma sakin aiki sai an cika.

Akwai wani farashi da ba ya shiga littafin kowa, shi ne na lafiyar yaron da ke yini a gaban inji. Don kare inji daga ƙura ake rufe ɗaki ruf, rufewar kuma ita ke tara tururin solben, mai jawo ciwon kai da jiri da zafin ido da maƙogwaro. Na'urar sanyaya ɗaki iskar ciki take juyawa, ba ta fitar da shi. Ana buƙatar fanka mai zuƙo iska daga bayan injin ta kai waje, da safar hannu wajen taɓa tawada da ruwan wanki. Takunkumin ƙyalle yana tare ƙura ne kawai, tururin sinadari sai mai matatar gawayi.

Ledar kanta ba ta ruɓewa. Bayan kowane zaɓe tsofaffin banoni sukan koma rumfar mai shayi da rufin kaji da shimfiɗar 'yan tireda, wanda hakan ya fi zubar da su a kwata. Amma akan ga an shanya tumatir ko barkono ko garin rogo a kan fuskar da ke ɗauke da tawada, tawadar da ba a yi ta don ta taɓa abinci ba. Wasu kuma suna cinna musu wuta tare da shara a bayan gida, alhali robar PVC idan tana ci tana fitar da hayaƙi mai guba, har da sinadarin dayoksin da ke kwanciya a ƙasa ya daɗe bai gushe ba.